Igiyar da Auta Ya Kawo

Litinin, 3 ga wata, 7:40 na safe

Auta ya dawo jiya. Ya ɗauki hutun wata guda a ofishinsu, wai don ya taimaka. Shekara goma sha tara ina buɗe shagon hoton Baba ina rufewa, ni ce ɗauka, ni ce wankin hoto, ni ce shara, ban taɓa jin an kira abin da nake yi taimako ba. Shi kuwa daga sauke jaka Umma ta fara sa masa albarka.

Ƙanina ne, ina sonsa. Bari in rubuta wannan tun yanzu, kar gobe in karanta in ce ban faɗa ba. Amma irin mutanen nan ne da in sun shigo ɗaki sai kowa ya gyara zama. Baba da ya kwana uku bai ci abin kirki ba, jiya har da tashi zaune, har da dariya.

Ya zo da tsaraba. Umma mayafi, ni turare, kyamarar Baba kuma igiya. Wata 'yar siririyar igiya baƙa, ba ta fi kamu ɗaya ba. Bakinta ɗaya ana murɗa shi a kan maɓallin ɗauka, ɗaya bakin kamar sirinjin asibiti, ka tura da babban yatsa. Wai sai kyamara ta ɗauka ba tare da hannunka ya taɓa ta ba, don kar ta girgiza.

Na ce masa, "A gidan nan hannu gare mu."

Ya yi dariya ya ce, "Ke ke da shi, Yaya. Ni nawa na buga kwamfuta ne."

Baba ya karɓa ya juya ta, ya sake juyawa. Ina ta jira ya ce a kai wa yara su yi wasa da ita. Bai ce ba.

Talata, 4 ga wata, 1:15 na rana

Likita ya sa ranar yi wa Baba tiyata: Alhamis, ashirin ga wata. Sauran abin da ya faɗa ba zan rubuta ba.

Laraba, 5 ga wata, 5:30 na yamma

Baba ya tara mu a ɗakinsa, ni da Umma da Auta. Ya ce hoto yake so a ɗauke shi kafin a tafi da shi asibiti.

Sai da ya faɗa sannan abin ya faɗo mini. Shekara arba'in da uku mutumin nan yana ɗaukar amare da jarirai da 'yan makaranta da masu ritaya, amma shi ba shi da hoto. Kullum yana bayan kyamara. In aka ce ya shigo sahu sai ya ce to wa zai ɗauka? Abin da muke da shi kawai ɗan fasfo na katin shaida, wanda ya fito a ciki kamar wanda 'yan sanda ke nema ruwa a jallo.

Ya kafa sharuɗɗa yana lanƙwasa yatsu. Da tsohuwar kyamararsa za a ɗauka, da fim baƙi da fari. A ɗakin nan, a kujerarsa ta bakin taga, da hasken safe. Ba filasha, idonsa ba ya jurewa yanzu. Duk wanda kuma ya ɗaga masa waya bai yafe ba. Ranar Alhamis ɗin da safe za a yi, in ya yi aski ya sa manyan kaya.

Tun yana magana na riga na auna ɗakin da ido. Tagar ƙarama ce, katangar maƙwabta ta tare rabin hasken. Idon kyamara sai ya zauna a buɗe kwatan sakan. Ga wanda bai san aikin ba kwatan sakan ba komai ba ne, amma ya isa hoto ya lalace sau goma. Na buɗe baki zan ce a bar mini, sai na ji ya ce:

"Auta zai ɗauka, da igiyar nan tasa. Uwata, ke ki tsaya kusa da ni ki gyara mini hula."

Uwata yake ce mini saboda sunan mahaifiyarsa na ci. Yau ne karon farko da na ji kamar lallashina ake yi da sunan.

Hula. Shekara goma sha tara, hula.

Alhamis, 6 ga wata, 6:50 na safe

Jiya dai, "To, Baba," na ce, na ɗauki kwanukan na fita.

Ina 'yar shekara goma sha huɗu ya fara ɗora mini murfin kwalba cike da ruwa a kan kyamara, ya ce in danna. In ruwan ya motsa, sake. Ki saki rabin numfashi ki riƙe rabi, ki manne gwiwar hannu a haƙarƙari, kar ki doki maɓallin, matsa shi kamar mai duba ko tumatir ya nuna. Wata uku na yi a kai kafin ruwan ya daina motsi. Da Auta ya kai shekarun aka gwada shi, ya jiƙa kyamara ya jiƙa riga, ya fashe da kuka ya koma ƙwallo. Tun daga nan in masu hoto suka ga mace suka fara kame-kame, sai Baba ya ce, "Ku dai ku zauna, hannun 'yata ba ya rawa."

Kishi nake yi. Ga shi na rubuta. Mace da 'ya'ya uku, ina kishin ƙanina, ina kishin igiyar da ba ta kai tsawon hannuna ba.

Biron nan ba shi da kyau, dubi yadda yake karkatar da rubutu.

Juma'a, 7 ga wata, 4:00 na yamma

Na sayi sabon biro.

Asabar, 8 ga wata, 2:10 na rana

Auta ya biyo ni shago, wai in koya masa kafin ranar. Na nuna masa sa fim, na nuna masa awon haske. Yana da saurin ganewa, abin haushi.

Muka yi gardamar igiya. Na ce in a hannu ka riƙe kyamara, igiyarka ba ta tsinana komai, ƙara wahala ma take. Ya ce haka ne. Ni na so ya musa. Ya ce amma in an ɗora ta a kan abin kafa ta mai ƙafa uku fa? Kuma ƙafar tamu ta tsufa, kanta ya saki, in ka yi numfashi kusa da ita sai ta gyaɗa. Agogon nan na kyamarar da ake murɗawa ta ɗauka da kanta ya mutu tun ina amarya. Ya ce to ke nan ko yatsa ko igiya, bari mu gwada mu gani.

Ya manna jarida a bango, ya rage labule har hasken ya koma irin na ɗakin Baba. Ya ɗauki shida da yatsa, shida da igiya. Sannan ya matsa ya ce, "Yaya, zo ki yi naki mu ga yadda manya ke yi." Na ce ina da aikin mutane, ba ni da fim ɗin ɓatawa a kan jarida.

Tela na shagon kusa ya leƙo, da awo a wuya kamar kullum. Ya ga igiyar ya riƙe baki. "Ashe yanzu allura ake yi wa kyamara? Mai hoto, an yi miki ritaya ke nan. Zo in koya miki ɗinki."

Na ce ya fara koyon sa aljihu daidai tukuna. Aka yi dariya, har da ni.

Na wanke masa fim ɗin. Na yatsa, kowane harafi da inuwarsa. Na igiya, har ƙananan rubutun tallan gidaje ana karantawa. Na ce, "To ai hannunka ne." Ya ce, "Ai na faɗa miki." Ko kunya bai ji ba. Yadda wani ke cewa ba ya cin yaji, haka yake cewa hannunsa bai iya ba, ya wuce abinsa.

Litinin, 10 ga wata, 8:30 na safe

Na kai wa Baba shayi, ya ɗan zube a faranti. Umma ce, kullum sai ta cika kofi har baki. Na riƙe da hannu biyu na ajiye. Baba bai dubi kofin ba, taga ya kalla.

Auta na zaune a bakin gado yana karanta masa jarida, yana kwaikwayon muryar mai labarai. Sun riga sun yi wata raha tasu ta su biyu, a kan wani mutum da ban sani ba. Na tsaya da faranti a hannu ina jiran a sa ni a ciki. Baba ya ce, "Uwata, ba za ki makara buɗe shago ba?"

Laraba, 12 ga wata, 12:20 na rana

Na ce wa Tela kasuwa za ni, na kulle gaba, na zaga na shigo ta baya. Jaridar Auta tana nan a bango, igiyar tana cikin aljihun tebur. Na kafa ƙafa uku, na rage labule. Shida da yatsa, rabin numfashi, gwiwa a haƙarƙari, komai yadda aka koya mini. Shida da igiya.

Na igiya, ko wa ya tura iri ɗaya suke fitowa. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ba ta san wanda ya yi wata uku a kan murfin kwalba ba, ba ta san wanda ya zo jiya ba. Kowa ɗaya ne a wurinta.

Sauran shidan da na ɗauka da yatsa, na Auta sun fi su.

Na sa almakashi na yi wa fim ɗin gutsi-gutsi, na ƙulle a leda, na kai bolar bayan layi, ba tamu ba.

Alhamis, 13 ga wata, 7:00 na safe

Gajiya ce. Gida, shago, asibiti, gida. Wa ba zai gaji ba?

Asabar, 15 ga wata, 11:30 na safe

Gwaji muka yi yau a ɗakin Baba, a daidai lokacin da za a ɗauka ranar Alhamis. Shi yana kwance yana ba da umarni daga gado, ni aka ce in zauna a kujerarsa a madadinsa. Ni da ban taɓa zama a gaban kyamarar nan ba.

"Ɗaga ƙafar kaɗan, Auta. A'a, ya yi yawa. Yauwa, ɗan albarka."

Ɗan albarka, don ya ɗaga ƙafa. Ni da na taɓa ɗaukar ɗalibai ɗari biyu a filin makaranta rana na faɗuwa, kowa idonsa a buɗe, "ba laifi" na samu.

Auta ya tsaya a gefen kyamarar, igiya a hannu, ko kallon cikinta ba ya yi. Ni yake kallo. Ya ce, "Yaya, saki fuska mana, kamar wadda aka ƙwace wa kaza." Na harare shi. Na haɗa hannuwana a cinya na matse.

Lahadi, 16 ga wata, 5:45 na yamma

Auta da kansa ya wanke, ya fitar da babban hoto, ya kawo gida tun kafin in gani. Na shigo na tarar da Umma tana riƙe da shi tana ta salati, wai ashe haka nake da kyau. Ya yi kyau ɗin. Zaren mayafina ɗaya bayan ɗaya, gashin ido, har tabon da na samu a goshi ina yarinya. Ina neman aibu ban samu ba.

Sai Baba ya ce a miƙo masa da gilashinsa na ƙara girma. Ya bi fuskar, ya bi kujera, ya sauko ƙasa. A nan ya tsaya. Na leƙa ta kafaɗarsa. Komai a hoton ya tsaya cak, ban da yatsun hannuna na dama. Sun ɗan dushe, kamar an goga musu yatsa kafin hoton ya bushe.

Ya daɗe a wurin. Auta yana ta zuba a kan haske da inuwa, bai lura ba. Baba ya ajiye gilashin ya ce, "Ya yi." Sannan ya ce, "Uwata, kina samun barci kuwa?"

Na ce lafiya lau. Na ce ƙuda ne ya sauka mini na kore shi. Ba wanda ya tambaye ni.

Litinin, 17 ga wata, 6:30 na safe

Baban yara ya ce tunda muna zirga-zirgar asibiti, me zai hana ni ma in ga likita. Na ce ciwon me? Ya ce ba komai. Ya karɓi allurar da nake fama da ita, ya zura mini zaren, ya ajiye ya fita.

Talata, 18 ga wata, 4:20 na yamma

Na zo zan shiga ɗakin Baba na ji yana yi wa Auta magana ƙasa-ƙasa, sai na tsaya a bayan labule. Ban ji kunya ba, yanzu ma ban ji ba.

"Kar ka taɓa ce wa mutum ya yi murmushi," in ji shi. "Murmushin dole haƙora ne kawai. Ka tambaye shi sunan mahaifiyarsa. In ya faɗa, kafaɗarsa za ta sauka. A nan za ka danna."

Ranar da ya faɗa mini wannan, ranar ya ba ni makullin shago. Ya ce bai taɓa gaya wa kowa ba. Na riƙe shi shekara goma sha tara, ko baban yara ban faɗa wa ba. Yau an ba wa mutumin da zai koma ofis ƙarshen wata, kyauta, kamar an miƙa masa ruwan sha.

Na koma kicin da abincin. Umma ta ce me ya faru, na ce gishiri na manta.

Laraba, 19 ga wata, 6:05 na yamma

Auta ya tafi kiran mai aski, ya ce in haɗa kayan in kai gida. Na haɗa. Kyamara, ƙafa uku, fim, abin awon haske. Ya ce igiyar tana ƙaramin aljihun jakar kyamara, in tabbatar.

Na tabbatar.

Alhamis, 20 ga wata, 3:00 na rana

Ina zaune a bencin asibiti. Sun shiga da shi. Zan rubuta yadda aka yi tun ban fara gyara labarin ba.

Igiyar tana cikin jakata ta hannu, ƙarƙashin littafin nan. Tun jiya. Wallahi minti biyar kawai nake so. Ya neme ta ya rasa, ya yi zufa a gaban Baba, ya ɗanɗana yadda ake tsayawa a ɗakin nan ba a san inda za a sa hannu ba. Sannan in duƙa in ce au, ga ta nan ta faɗi. Iyakar abin da na shirya ke nan.

Baba ya fito fes. Farar riga, sabon aski, turare. Muka kama shi ya zauna a kujera, na gyara masa hula. Hasken ya sauko masa a gefen fuska, ban taɓa ganin tagar nan ta yi kirki irin na yau ba. Auta ya kafa kyamara, ya sa hannu a aljihun jaka, ya fito da shi wayam. Ya zazzage jakar a ƙasa. Ya lalube aljihunsa.

"Yaya, kin gan ta jiya?"

"Tana ciki na rufe."

Ya ce bari ya ruga shago. Direba ya danna hon a waje. Umma ta ce asibiti sun ce ƙarfe tara, ga shi takwas da rabi ta wuce. Baba ya fara jingina, numfashinsa ya fara nauyi. Na ce a raina yanzu, yanzu zan duƙa. Har na kai hannu kan jakar.

Sai Umma ta ce, "Kai, ku da wata igiya! Ba ga Yayarka ba? Ita yaushe ta taɓa neman igiya?"

Auta ya ja da baya da sauri kamar wanda aka sauke wa kaya. "Wallahi kuwa. Zo, Yaya. Dama ke ya kamata."

Abin da na yi sati biyu ina jira a ce ke nan. Aka faɗa, a gaban kowa.

Baba ya ɗago ya dube ni. Ba fuskata ya fara duba ba. Ya ce a hankali, "Uwata, za ki iya?"

Ƙofa ya buɗe mini, na sani. Da na ce a'a, da na buɗe jaka, da an yi mini kallon da za a yi, ya wuce. Amma Auta na tsaye, Umma na tsaye.

Na ce, "Haba, Baba."

Ya ce, "To, bismillah."

Na rataye jakar a kafaɗa don kar wani ya taɓa ta. Na tsaya a bayan kyamarar. Na gan shi a cikin gilashin, ƙarami, tsaf, kowane farin gashi a gemunsa. Na ce, "Baba, yaya sunan mahaifiyarka?"

Ya yi 'yar dariya ta hanci. Ya faɗi sunana. Kafaɗarsa ta sauka, fuskar ta buɗe, irin wadda ban gani ba tun kafin ciwon. Na saki rabin numfashi, na danna.

Uku na ɗauka. Shi bai taɓa wuce uku ga mutum ɗaya ba, yana ƙirgawa. A na ukun ya ce, "Ya isa," ya miƙa wa Auta hannu.

Juma'a, 21 ga wata, 10:00 na safe

Bai farka ba tukuna. Sun ce mu jira.

Asabar, 22 ga wata, 1:30 na rana

Fim ɗin yana cikin kyamara. Wataƙila ɗaya ya fita. A cikin uku ai ɗaya zai fita.

Lahadi, 23 ga wata, 5:00 na yamma

An kai shi makwancinsa.

Talata, 25 ga wata, 11:15 na safe

Gida cike da masu gaisuwa. Kowa da hoton da Baba ya taɓa ɗaukarsa, kowa sai ya ba da labari. Wata tsohuwa ta zo da na aurenta a cikin leda. Umma tana gaya wa duk wanda ya zauna cewa shi ma an ɗauke shi, safiyar tafiyarsa, babbar 'yarsa ce ta ɗauka da hannunta. Tela ya ce ya riga ya sa kafinta ya yi firam, kyautarsa ce, a faɗa masa girman kawai.

Auta ya rame. Jiya na gan shi durƙushe yana leƙa ƙarƙashin gadon Baba. Na ce me kake nema? Ya ce ba komai.

Laraba, 26 ga wata, 12:40 na rana

Na wanke.

Na riƙe fim ɗin a gaban fitila yana ɗigar ruwa. Ban yarda ba, na jira ya bushe, na fitar da duka ukun a takarda. Na tsaya ina kallo yana fitowa a cikin ruwan magani kaɗan-kaɗan. Hula biyu. Ido huɗu, babu wanda ke kallona a ciki. Murmushin yana nan, ana gane akwai shi, amma ya shafe zuwa gefe. Na biyu ya fi na farko muni. Na uku kamar ta bayan tafasasshen ruwa aka leƙa shi.

Ba shi kaɗai ba. Kujera biyu, ƙarfen taga biyu, kalandar bango ta zama hayaƙi. Duk mai aikin nan ya san bambancin. In mutum ne ya motsa, shi kaɗai ke dushewa, bango ya tsaya a inda yake. In komai ya tafi tare, mai ɗauka ne.

Na zauna a kan bokiti a ɗakin duhu na yi kukan da ban yi ba ranar Lahadi. Na yi tunanin in ce haske ya shiga fim ɗin, ko maganin ya lalace. Amma ni na sa fim ɗin, ni na haɗa maganin. Duk hanyar da na bi ni take dawowa.

Alhamis, 27 ga wata, 6:15 na yamma

Na jira baƙi suka ragu. Na sami Umma da Auta a ɗakinsa, na miƙa mata na farkon, shi ne mai ɗan dama.

Ta kai shi kusa da ido, ta mayar nesa, ta goge shi da bakin mayafi. "Idona ne, ko kuwa?"

Auta ya karɓa. Na ga idonsa ya bar fuskar ya tafi kan taga, ya tafi kan kalanda. Sati uku a shago sun ishe shi ya gane. Ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago, Umma ya kalla.

"Baba ne ya motsa, Umma. Kin san jikin ba ƙarfi ranar. Ba laifin kowa ba ne."

Har a nan sai da ya fi ni. Na ji haushinsa, Allah ya gani, na ji haushin kirkinsa. Umma ta gyaɗa kai ta ce, "Allah sarki, bawan Allah, ya yi ƙoƙari ma da ya zauna."

Wannan ne na kasa haɗiyewa. Mutumin da ya yi shekara arba'in da uku yana koya wa mutane zama, ya zauna mini da ciwo a jikinsa ko ƙiftawa bai yi ba, a ce shi ya ɓata hotonsa.

Na ce, "Bai motsa ba."

Na miƙa hannun dama a gabansu, na buɗe yatsun, na bar shi. Ban matse ba, ban ɓoye a mayafi ba. Muka tsaya mu uku muna kallonsa yana abinsa.

Umma ta ce, "Tun yaushe?"

"Wata bakwai."

Ta kama shi ta riƙe a nata biyun. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce a kai wa Tela girman, haka za a rataye shi, ita ta san wanda ke ciki.

Da zan tafi Auta ya rako ni har bakin titi. A nan sai na ji muryarsa ta karye.

"Yaya, ki yafe mini. Ni na jefa ki a ciki. Da ban yi sakaci na yar da igiyar nan ba, da ko ni ko ke, wani ya tura ta, da yanzu muna da shi. Kullum sai na duba ɗakin. Na rasa inda na sa ta."

Yana kuka kamar ranar murfin kwalba, ƙato da shi, a bakin titi, mutane na wucewa.

Na ce masa ba komai, ya daina sa abin a ransa. Jakar tana kafaɗata.